Jibril Aminu: Me likitan zuciya ya je yi Majalisar Dattawa?

Ranar Alhamis 5 ga Yunin 2025, alhazai na tsayuwar Arfa, a gida kuma ana cinikin raguna na ƙarshe, sai labari ya fito daga Abuja cewa Allah ya yi wa Farfesa Jibril Muhammad Aminu rasuwa yana da shekara 85. Idan ka hau Facebook ko X a ranar, da wuya ba ka ci karo da hotonsa ba. Wataƙila ka rubuta "Allah ya jiƙansa" ka wuce bidiyo na gaba, kuma ba ka yi laifi ba, addu'a ce. Amma da wani zai tare ka ya ce wane ne wannan dattijon, me za ka ce? Tsohon minista? Tsohon sanata? Yawancinku da ba ku kai shekara talatin ba iyakar amsarku ke nan.

Alhali kuwa idan ka yi ƙaramar sakandare shekara uku da babba shekara uku, ko kana karatu a Jami'ar Bayero, ko ta Sakkwato, Jos ko Maiduguri, to ka bi ta kan hanyar da yake cikin waɗanda suka share ta.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa na ɗauko labarinsa. Duk lokacin da wani ɗan majalisa ya yi katoɓara aka yaɗa bidiyon, maganar da kuke rubutawa a ƙarƙashi guda ce: a ba masu ilimi dama, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a su shigo siyasa, sai ƙasa ta gyaru. To ga mutumin da ya cika duk sharuɗɗan nan har da ƙari. Ƙwararren likitan zuciya ne, farfesa ne, ya kuma zauna a Majalisar Dattawa shekara takwas. In ana son a gwada wannan magana taku, ba a samu ma'aunin da ya fi shi ba.

Daga Song zuwa Landan

An haife shi ranar 25 ga Agustan 1939 a garin Song, arewa da Yola a kan hanyar Gombi, zamanin Turawan mulkin mallaka. Ya yi Kwalejin Barewa ta Zariya, makarantar da ta yaye irin su Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Daga nan ya wuce Jami'ar Ibadan, ya fito likita a 1965.

Ku ɗan tsaya a kan wannan shekarar. A lokacin babu makarantar koyon likitanci ko ɗaya a duk faɗin Arewa. Ta Jami'ar Ahmadu Bello ma sai a 1967 aka buɗe ta. Yaron Arewa da ke son zama likita sai dai ya tafi Ibadan ko Legas ko ƙasar waje, ya yi gogayya da yaran da iyayensu da kakanninsu suka daɗe da shiga boko. Babu waya a aljihu, babu YouTube da za ka sake kallon darasin da bai shige ka ba. Littafi ne, da fitila, da kai.

Bai tsaya a nan ba. Ya tafi Ingila, ya samu digirin digirgir a fannin likitanci a babbar makarantar ƙwararrun likitoci ta Hammersmith da ke Landan a 1972. Ya dawo Ibadan yana koyarwa yana kuma duba marasa lafiya a matsayin babban likita daga 1973 zuwa 1975.

Duk wanda ke da ɗan'uwa ko ƙawa a makarantar likitanci ya san abin da ake sha kafin a kai wannan matsayi. A yau shekara shida ce a jami'a in yajin aiki bai gifta ba, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa, sannan wasu shekaru biyar ko shida na neman ƙwarewa, da jarrabawar da mutum kan faɗi ya sake. Ga shi kuma ƙasa ce da kusan mutum ɗaya cikin manya uku ke da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba sai ranar da suka yanke jiki suka faɗi. Likitan zuciya a irin wannan ƙasa ba abin wasa da shi ba ne.

Amma a 1975, yana wajen shekara 36, gwamnati ta ɗauke shi daga gefen gadon marasa lafiya ta ɗora shi a kan tebur. Aka naɗa shi babban sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC. Ya ci gaba da riƙe matsayinsa na malamin likitanci, har ya koyar a Jami'ar Howard da ke birnin Washinton daga 1979 zuwa 1980, ya kuma zama farfesa a Maiduguri. Sai dai daga wannan shekara ta 1975 sunansa ya fi fitowa a kan takardun gwamnati fiye da katin asibiti.

Lokacin da alƙalami ke hannunsa

Ya shiga NUC a daidai lokacin da kuɗin mai ya zubo, gwamnatin soja ta ƙuduri aniyar buɗe sababbin jami'o'i bakwai a tashi ɗaya: Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilorin, Kalaba da Fatakwal. Biyar daga cikinsu a Arewa suke. Hukumar da yake jagoranta ce ke da alhakin tsara su da raba musu kuɗi. Kafin nan duk Arewa jami'a ɗaya gare ta, ta Zariya. Ka lissafa yawan yayyenka da malamanka da suka bi ta waɗannan makarantu.

Sai dai a wannan kujerar ce kuma ya fara haɗuwa da fushin matasa irinku. A 1978 NUC ta sanar da ƙarin kuɗin ɗakin kwana da na abinci a jami'o'i. Kuɗin abincin yini ya tashi daga Naira ɗaya da kwabo hamsin zuwa Naira biyu. Na san dariya za ku yi, kwabo hamsin! A wancan zamani ba abin dariya ba ne. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta kira zanga-zangar da tarihi ya sani da "Ali Must Go", wato dole Ali ya sauka, ana nufin kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali. An harbe ɗalibi a Legas, an kashe wasu da dama a Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar. Babu intanet a lokacin, amma ƙasa ta girgiza.

Wani abin lura, shi ma Ahmadu Ali likita ne. Shi ma daga baya ya zama sanata, har ya shugabanci PDP daga 2005 zuwa 2008. Ke nan likitoci biyu ne a saman harkar ilimi ranar da ɗalibai suka mutu a kan kuɗin abinci. Ba su suka riƙe bindiga ba, kuma mulkin soja ne da ba a musu da shi. Duk da haka, wanda ke ganin farar rigar likita kaɗai ta isa ta hana gwamnati yin abin da zai ƙona talaka, ya ajiye wannan a ransa.

Daga 1980 zuwa 1985 ya shugabanci Jami'ar Maiduguri. Da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a Agustan 1985 sai ya ba shi ministan ilimi, ya riƙe har 1989. Tsarin 6-3-3-4 ba shi ya ƙirƙiro shi ba, yana cikin manufar ilimi ta ƙasa tun 1977, amma a zamaninsa ya zauna da gindinsa, har aka rubuta jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko a 1988. A zamaninsa ne kuma aka ɗauko shirin makarantar yara masu baiwa ta musamman, wadda ke Suleja.

Abin da aka fi tunawa da shi a kansa shi ne ilimin makiyaya. Tunanin mai sauƙi ne: tunda ɗan makiyayi ba zai iya barin garke ya zauna a aji a cikin gari ba, to a kai masa ajin inda yake. Azuzuwan da ake naɗewa a ɗora a tafi, malaman da ke bin ruga, darussa ta rediyo, da lokutan karatu da ba su ci karo da lokacin kiwo ba. A 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa da dokar soja mai lamba 41, hedikwatarta na Kaduna, daga baya aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta da manoma masu ƙaura. An sha sukarsa a kai. Wasu suka ce Bafulatani ne ya samu dama yana yi wa danginsa aiki da kuɗin ƙasa. Ni a ganina wannan suka ba ta yi adalci ba. Dubi abin da ke faruwa yau a dazukan Zamfara da Katsina da Neja, ka tambayi kanka yara nawa ne suka tashi a cikin waɗannan dazuka ba su taɓa ganin allo ba, na boko ko na Muhammadiyya. Rashin makaranta ba shi kaɗai ya haifi ta'addanci ba, amma mutumin da ya hango tun shekarun 1980 cewa barin miliyoyin yara a daji ba karatu zai zame wa kowa masifa, ya yi abin da likitan kirki ke yi: ya ga ciwo tun bai bayyana ba. Yadda gwamnatocin baya suka riƙe shirin da hannu bibbiyu ko da yatsa ɗaya, wannan wata magana ce.

A wancan lokacin dai, a 1988, malaman jami'a suka tafi yajin aiki, gwamnati ta haramta ASUU ɗungurungum. Shugaban ƙungiyar a lokacin wani matashin malami ne daga Jami'ar Bayero, Attahiru Jega, wanda kuka sani daga baya a INEC. Ministan ilimi kuwa Jibril Aminu, tsohon malamin jami'a, tsohon shugaban jami'a. Idan yajin aikin ASUU ya taɓa cinye maka shekara, ka san cewa rigimar ta girme ka, kuma ilimin ministan bai hana ta ba.

Sauran muƙaman zan bi su da sauri. Ministan man fetur daga 1989 zuwa 1992, lokacin yaƙin Tekun Fasha, har ya shugabanci taron ƙungiyar OPEC. Wakili a taron tsarin mulki na 1994 zuwa 1995. Jakadan Najeriya a Amurka daga 1999 zuwa 2003, yana kan wannan kujera aka kai harin 11 ga Satumba.

Mutum ɗaya cikin 109

A 2003, yana da shekara 63, ya tsaya takara a PDP ya ci kujerar sanatan Adamawa ta Tsakiya, mazaɓar da ta haɗa Yola ta Arewa, Yola ta Kudu, Girei, Song, Fufore, Gombi da Hong. Aka sake zaɓensa a 2007, ya bar majalisa a 2011.

A nan ne nake so ku buɗe ido, don a nan gizo ke saƙar.

Duk manyan ayyukan da na lissafa a sama ya yi su ne a ƙarƙashin soja, ko kuma a ofishin da shi ne mai faɗa a ji. Minista a zamanin soja in ya gamsar da shugaban ƙasa, magana ta ƙare: a rubuta doka, a sa hannu, gobe ta fara aiki. Majalisa ba haka take ba. Kana da ƙuri'a ɗaya cikin 109, daidai da ta wanda iyakarsa sakandare, domin abin da tsarin mulki ya nema ke nan ga ɗan takara. Ƙudurinka sai an yi masa karatu na ɗaya, na biyu, a tura shi kwamiti, a kira jama'a su faɗi ra'ayinsu, a dawo da shi karatu na uku. Sannan a kai wa Majalisar Wakilai mai mutum 360 su ma su yi nasu. Sannan shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 30, in ya ƙi sai an samu kashi biyu cikin uku na kowace majalisa kafin a tsallake shi. In wa'adin majalisa ya ƙare ba a gama ba, ƙudurin ya mutu, sai a faro daga farko. Aiki ne na lallashi da naci da ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Kaifin ƙwaƙwalwa na taimakawa, amma ba shi ke tura ƙuduri ba.

Farfesa ya shugabanci kwamitin harkokin waje, abin da ya dace da tsohon jakada, ya kuma zauna a kwamitocin ilimi da lafiya. A Mayun 2009 jaridar ThisDay ta auna sanatoci a tsakiyar wa'adinsu. Abin da ta ce a kansa shi ne ya tafiyar da kwamitinsa yadda ya kamata, yana ba aikin kwamitin ilimi muhimmanci, yana sa baki a muhawara, amma bai gabatar da ƙuduri ko ɗaya ba a wannan tsakanin.

Kada a yi saurin yanke hukunci. Yawan ƙuduri ba shi ne ma'aunin ɗan majalisa ba. Akwai masu jibga ƙudurori ashirin na kafa makarantu da asibitoci a ƙauyukansu, sun san babu kuɗin, don dai a buga a fosta. Akwai kuma wanda tambaya ɗaya da zai yi wa minista a zaman kwamiti ta fi su amfani. Amma gaskiya ɗaya ce: in ka tambayi mutanen Adamawa masu shekaru me suke tunawa da shekarunsa na majalisa, kafin su ambaci wata doka za su ambaci rikicin siyasa. Lokacin ne PDP ta dare biyu a jihar, ɓangaren mataimakin shugaban ƙasa Atiku Abubakar da gwamna Boni Haruna a gefe guda, ɓangaren Jibril Aminu mai kusanci da Obasanjo a ɗaya gefen. Atiku ya fice zuwa AC a 2006, Murtala Nyako ya zama gwamna a 2007 da goyon bayan Farfesa, daga baya su ma suka ɓata. Wato siyasa ta ja shi cikin kokawarta kamar yadda take jan kowa, ba ta duba digirinsa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan. A duk shekarun nan takwas akwai wani ƙuduri da ke yawo a majalisa, na dokar lafiya ta ƙasa. Tun wajen 2004 ake kai shi ana dawo da shi. Kuma majalisar ba ta rasa likitoci ba: ga Farfesa, ga Dakta Ɗalhatu Sarki Tafida na Kaduna ta Arewa, tsohon likitan Shugaba Shagari kuma tsohon ministan lafiya, wanda shi ne ma shugaban masu rinjaye daga 2003 zuwa 2007, ga Dakta Olorunnimbe Mamora daga Legas. Duk da haka sai a Mayun 2011, ana saura makonni su tattara kayansu, aka amince da shi. Shugaba Jonathan bai sa hannu ba, ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya na ta jayayya a kan wasu sassansa, ƙudurin ya bi ruwa.

Wannan jayayya ma abin lura ce. Kun dai san tsamin da ke tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan asibiti, nas-nas da masu harhaɗa magani da masu gwaje-gwaje, a kan wa zai shugabanci asibiti da wa zai ɗauki wane albashi. Likitan da ya je majalisa yana iya zama wakilin marasa lafiya, yana kuma iya zama wakilin 'yan'uwansa likitoci kawai. Ba abu ɗaya ba ne.

Inda likitoci suka yi rawar gani

Kada ku ɗauka ina cewa zuwan likita majalisa aikin banza ne. Wannan ƙudurin da ya mutu, wani likitan ne ya tashe shi: Sanata Ifeanyi Okowa na Delta, shugaban kwamitin lafiya a majalisa ta bakwai. Ya bi shi har aka sa masa hannu a 2014. Ko ka san cewa wannan doka ta haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili? Sashe na 20 ke nan, kuma hukuncin saɓa shi tarar Naira dubu 100 ne ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ce kuma ta ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya a zuba a asusun kula da lafiya a matakin farko: rabi ya tafi inshorar lafiya, kashi 45 ga ƙananan asibitoci don magani da kayan aiki da ma'aikata, kashi 5 ga agajin gaggawa. Ko bayan an sa hannu, kuɗin bai shiga kasafi ba sai a 2018, lokacin da majalisa ta cusa kimanin Naira biliyan 55. Shugaban Majalisar Dattawa a lokacin, Bukola Saraki, shi ma likita ne.

Haka dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Har zuwa kwanan nan Najeriya na aiki ne da dokar 1958 ta zamanin Turawa, wadda ke kallon mai taɓin hankali kamar abin da za a kulle a huta. Tun 2003 aka fara kai ƙudurin sauya ta, Dakta Tafida na cikin waɗanda suka gabatar. Ya kwanta, ya tashi, ya sake kwanciya, sai da Sanata Ibrahim Oloriegbe na Kwara, shi ma likita, ya sake ɗauko shi, Shugaba Buhari ya sa hannu aka sanar a Janairun 2023. Shekara ashirin cur. Ku da kuke yawan magana a kan damuwa da ƙwaya da masu kashe kansu, wannan dokar taku ce. Ta kwamitinsa ne kuma dokar 2022 ta bi, wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ko da yake kai ma ka san yawancin mutanen unguwarku har yau daga aljihu suke biya.

Me ya bambanta waɗannan? Ban ce sun fi Farfesa ilimi ba, da wuya ma a samu wanda zai faɗi haka. Sun dai riƙe kwamitin da ya shafi sana'arsu, sun kama abu ɗaya sun ƙi saki. Shi kuwa lokacin da ya isa majalisa ya yi kusan shekara talatin a harkar ilimi da mai da diflomasiyya. Wanda mutanen Adamawa suka tura Abuja a 2003 gogaggen ɗan gwamnati ne da ya taɓa zama likitan zuciya.

Kuma ga lissafin da ba a cika yi ba. A 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitocin da ke da lasisi a ƙasar kusan dubu 55 ne, wajen dubu 16 kuma sun fice waje cikin 'yan shekarun nan. Mutum sama da miliyan 200 fa ake magana. Duk likitan da ya cire farar riga ya sa babbar riga, an samu giɓi a wani asibiti, akwai layin da ya ƙara tsawo. In zai je ya kawo dokar da za ta taɓa miliyoyi, an ci riba. In kuwa zai je ne ya raba babura da kekunan ɗinki, ya shirya duba marasa lafiya kyauta na kwana uku a ɗauki hoto, to wallahi an yi asarar likita, ba a kuma samu ɗan majalisa ba.

A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafinsu ga lafiya. Najeriya mai masaukin baƙi ba ta taɓa kaiwa ba, yawanci tana wajen kashi biyar. Kasafin nan ta hannun majalisa yake bi kowace shekara, da likitocinta a zaune. A 2023 ma wani ɗan Majalisar Wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin da zai hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar, har ya tsallake karatu na biyu kafin hayaniya ta tashi. Ke da kike aji huɗu a makarantar likitanci kina kirga ranar fita, da ƙuri'ar waɗannan mutanen ake yanke yadda rayuwarki za ta kasance.

Tun 2018 doka ta ba ɗan shekara 25 damar tsayawa takarar Majalisar Wakilai ko ta jiha, ta Dattawa dai har yanzu sai 35. Ke nan cikinku akwai likitoci da nas-nas da masu harhaɗa magani da za su fito a zaɓe mai zuwa, wasu kuma za ku gan su a fosta da abin sauraren ƙirji rataye a wuya, an rubuta "Dakta" da manyan baƙaƙe. Kafin ka sa hotonsa a shafinka ka shiga yi masa yaƙi da mutane, tambaye shi wane kwamiti yake son shiga, wace doka ce guda ɗaya yake ganin ta hana ƙaramin asibitin mazaɓarku aiki, kuma ko ya taɓa karanta dokar 2014. In yana kan kujera ne, tambaye shi ko kuɗin asusun nan na kashi ɗaya ya iso asibitin unguwarku, nawa ne, wa ya sa hannu. Ba rashin kunya ba ne, aikinsa ke nan.

Shi dai Farfesa ya amsa kiran Mahaliccinsa, Allah ya gafarta masa. Hukumar ilimin makiyaya tana nan a Kaduna, ta haura shekara talatin da biyar. Ko za ta samu kuɗin ɗaukar malamai baɗi, ko za ta biya albashin ofis kawai, sai kasafinta ya bi ta gaban kwamitin majalisar da ya zauna a cikinta shekara takwas.